KAYAN DA ZA MU ƊAUKA TARE, DA KAYAN DA ZAI ƊAUKA DA KANSA

Abin karantawa: Galatiyawa 6:1-5, 2 Sama'ila 9



Shekara biyu ke nan da muka binne wata gwauruwa a ekklesiyarmu, tsohuwar 'yar Zumuntar Mata, mace mai tsoron Allah. Ta bar ɗa guda, saurayi mai shekara 22, wanda shan-inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Da muka komo daga kabari, jama'a suka watse, sai na shiga ɗaki in yi masa gaisuwa. Ya dube ni ya ce, "Baba Pasto, gobe wa zai ɗebo mini ruwa?"

Na zauna muka yi zance. A ran nan na sani yaron nan bai taɓa hura wuta ba, bai taɓa wanke rigarsa ba, bai taɓa zuwa kasuwa shi kaɗai ba. Ga shi kuwa ya gama firamare, yana karatu sarai, hannuwansa sun fi nawa ƙarfi. Uwarsa ta yi masa kome domin ƙauna. Ni kuma pastonsa, kowace Lahadi ina gaishe shi, kowace Kirsimati ina sa masa ɗan abu a hannu, amma ko sau ɗaya ban taɓa tambayarsa abin da ya iya ko abin da ya ke so ya zama ba. Na koma gida da kunya. Daga wannan kunya ce maganar nan ta fito.

AYOYI BIYU

A cikin Galatiyawa sura 6 akwai ayoyi biyu waɗanda in mutum ya karanta da gaggawa sai ya ce suna gardama da juna. A aya ta 2 Manzo Bulus ya umurce mu mu taya juna ɗaukar abin da ya yi mana nauyi, ya ce ta haka a ke cika shari'ar Kristi. A aya ta 5 kuwa ya nuna kowane mutum yana da nasa kaya wanda shi ne zai ɗauka. To, wanne za mu bi?

Duka biyu. Gama a harshen Helenanci, wanda Bulus ya yi rubutu da shi, kalmomin dabam su ke. Ta aya 2 ita ce baros, watau nauyi mai danne mutum. Ta aya 5 ita ce fortiyon, watau kayan da aka ɗaura domin a ɗauka, kamar na matafiyi. Bulus yana nufin alhakin da ke kan kowane mutum a gaban Allah, wanda wani ba zai amsa masa ba.

Mun san wannan a kasuwa. Mace ta sayi buhun masara, ta naɗa gammo, ta ce wa na kusa, "Ɗan'uwa, ɗora mini." Ya kama mata, su ɗaga tare. Amma ba ya binta gida da buhun. In ya ƙi kamawa, ya yi rashin kirki. In kuwa ya ƙwace kayan ya ce ba za ta ƙara ɗaukar kome ba har abada, ya mai da ita abin tausayi, ran da ba ya nan kuma ta kwana da yunwa.

A kan 'ya'yanmu makafi, da guragu, da kurame, da masu farfaɗiya, da waɗanda kansu ba ya kama abu da sauri, mun juya ayoyin nan a baibai. Nauyin da ya kamata ekklesiya duka ta kama, mun bar wa uwa ita kaɗai. Kayan da ya kamata yaron ya ɗauka da kansa kuwa, mun ƙwace masa.

KUSKURE NA FARI: MUN BAR NAUYI GA GIDA ƊAYA

Har wa yau akwai gidajen masu bi inda a ke ɓoye yaro a ɗakin baya in baƙi sun zo. Akwai masu raɗa cewa iyayen sun yi wani zunubi, ko an yi musu sammu. Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tunani sa'anda suka ga mutumin da aka haifa makaho (Yohanna 9), suka nemi sanin mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da zancen laifi gaba ɗaya, ya juya idonsu ga aikin da Allah zai nuna a cikin mutumin. Wanda ya ci gaba da raɗa bayan Yesu ya ba da amsa, da Yesu ya ke gardama.

KUSKURE NA BIYU: TAUSAYIN DA KE KARYA MUTUM

Wannan ya fi wuyar ganewa, gama yana kama da ƙauna. "Bari, kada ka ƙone." "Zauna, ni zan kawo." "Kada ki fita, za a yi miki dariya." Shekara ta bi shekara, yaro ya zama saurayi, bai iya kome ba sai jira. Daga nan zuwa bara taki ɗaya ne.

A Littafin Firistoci 19:14 Allah ya hana Isra'ila zagin kurma, ya kuma hana su sa wa makaho abin tuntuɓe a hanya. Ba wanda zai ɗauki dutse ya ajiye a gaban makaho a cikinmu. Amma in ka bar makahon ɗanka ya kai shekara ashirin bai san hanyar rijiya ba, ka ajiye masa dutsen da zai yi tuntuɓe da shi ran da aka binne ka.

Ku tuna da gurgun nan na Ayyukan Manzanni sura 3. Kowace rana a kan ɗauko shi a ajiye a ƙofar Haikali domin ya yi bara, har ya wuce shekara arba'in (4:22). Masu ɗaukarsa ba mugaye ba ne, masu ba shi sadaka kuma masu ibada ne. Duk da haka shekara arba'in ta same shi a wuri ɗaya, a waje, bakin ƙofa. Bitrus ne ya kama hannunsa na dama ya tashe shi, sa'an nan ya shiga ciki tare da su. Ba kowane gurgu ne Allah ke warkarwa a duniyan nan ba, wannan ikonsa ne. Amma miƙa hannu domin mutum ya tashi daga wurin bara ya shigo cikin jama'a, wannan aikinmu ne.

ABIN DA NA GABA SUKA FARA

Ba sabon aiki ba ne ga ekklesiya. A shekara ta 1953 mishan na S.U.M. suka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, inda a ke koyon karatu da yatsu, da rubutun nan mai ɗigo shida wanda Louis Braille, wani makaho Bafaranshe, ya ƙago yana ɗan shekara 15. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, shi kansa kurma, ya buɗe makarantar kurame a ƙasar Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. A Oyo akwai kwalejin horon malaman irin waɗannan yara tun 1977. Mun gode wa Allah domin waɗannan duka.

Amma makaranta tana da ranar ƙarewa. Yaro ya karɓi takardar shaida, ya komo ƙauye, ya zauna a gindin bishiya. Tsakanin ƙofar makaranta da zaman magidanci akwai rafi, yawancin 'ya'yanmu kuwa a bakin rafin nan su ke tsayawa, gama ba kadarko. Shekarun nan daga 15 zuwa 25 su ne a kan yi asararsu.

YADDA WAƊANSU SUKA GINA KADARKO

A Amurka sun lura da wannan rafi. Tun 1975 dokarsu ta wajabta a ba yara naƙasassu ilimi kyauta, a 1990 kuma suka ƙara cewa dole makaranta ta shirya yaro domin zaman da zai yi bayan ya fita. Kafin ya cika shekara 16 sai a zauna, da malamai, da iyaye, a gayyaci yaron shi kansa, a rubuta shiri: wane karatu zai ci gaba da shi, wane aiki zai yi, yaya zai riƙe kansa. A jihohi da yawa a kan ci gaba da koya masa har ya kai 21. A kan fita da shi daga aji a kai shi kanti ya yi sayayya, ya shiga mota shi kaɗai, ya dafa abinci, ya gwada aiki a wurin masu aiki na gaske.

Akwai wani mutum a can, sunansa Ed Roberts. Shan-inna ya kama shi a 1953 yana da shekara 14, ya shanye shi daga wuya har ƙasa, da dare sai cikin wata na'urar ƙarfe mai taya shi numfashi ya ke kwana. Ma'aikatar jiharsa mai lura da naƙasassu ta ga ba zai taɓa iya aiki ba. Ya shiga jami'a a Berkeley a 1962. A 1972 aka kafa wata cibiya a garin inda naƙasassu ke koya wa 'yan'uwansu zaman kansu, shi kuma ya zama ɗaya daga cikin shugabanninta. Daga baya gwamna ya naɗa shi shugaban ma'aikatar nan da ta raina shi.

Ku lura fa, mutumin nan har ya mutu a 1995 wani ne ke yi masa wanka, wani ke sa masa riga. Ashe riƙon kai ba shi ne mutum ya yi kome da hannunsa ba. Shi ne mutum ya zama mai shawara a kan ransa, yana kuma da aikin da a ke sa zuciya gare shi. Ba na cewa mu kori 'ya'yanmu su je su kama ɗaki su kaɗai yadda Turawa su kan yi. Mu mutanen gandu ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Abin da na ke cewa shi ne, a cikin gida, a ba shi rabonsa na aiki, da rabonsa na magana, da rabonsa na gādo.

A ƙasarmu ma ƙofa ta buɗu. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ce ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a domin su iya shiga, ta kuma hana a yi yawon bara da su. A Jos akwai wurin da a ke kira Beautiful Gate, sunan ƙofar nan ta Haikali, wanda Ayuba Gufwan, shi ma wanda shan-inna ya taɓa, ya fara tare da wani abokinsa a 1999, suna ƙera kekunan guragu masu ƙafa uku suna rabawa kyauta. A watan Agusta 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar shan-inna ta ƙare a Afirka, ko da ya ke har yanzu wajibi ne a kai yara rigakafi. Amma a 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 ne cutar ta kama a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Ina su ke yau? Sun zama samari da 'yan mata. Waɗansunsu suna zaune a bencin baya na majami'arku. Doka ba ta san sunayensu ba, ku kun sani.

DARASI DAGA SARKI DAWUDA

Mefiboshet ɗan Yonatan yana da shekara biyar sa'anda mai renonsa ta ɗauke shi da gudu, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka lalace (2 Sama'ila 4:4). Ya girma a Lodebar, a gidan wani mutum, yana cin arzikin wani. Da Dawuda ya kirawo shi, ya ba shi wuri a teburin sarki kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Amma bai tsaya ga abinci ba. Ya mayar masa da dukan gonakin kakansa Saul, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su yi masa noma. Gurgu ya zama maigida mai gona, mai ma'aikata, mai ɗa kuma, sunansa Mika. Aikin da ƙafa ke yi, aka ba masu ƙafa. Sunan mai gona kuwa ya zauna a kansa. Ga aya ta 2 da aya ta 5 a gida ɗaya.

Wannan hukunci ne a kan kowane ɗan'uwa mai bi wanda ya cinye gādon ƙanensa makaho da cewa, "Ai ni ke ciyad da shi."

ABIN DA KOWACE EKKLESIYA ZA TA IYA YI

Na fari, a ƙidaya su. Dattawa su zaɓi mutum huɗu: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga Zumuntar Mata, ɗaya daga matasa, da wani babba wanda shi kansa yana da naƙasa. Su bi gida gida su rubuta sunan kowane yaro daga shekara 14. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Na biyu, a tambaye shi. Yesu ya san Bartimawus makaho ne, duk da haka sai da ya tambaye shi abin da ya ke so a yi masa (Markus 10:51). Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Kada a yanke cewa kowane makaho sai tufkar igiya, kowane gurgu sai gyaran takalmi. Wani yana so ya zama malami.

Na uku, a koya masa abu huɗu.

Jiki da gida: wanka, wanki, shara, hura wuta, dafa abinci kamar iri uku, shan magani a kan lokaci. 'Yan mata kuma, mata masu hankali su koya musu tsabtar wata-wata, su koya musu cewa jikinsu nasu ne, su san wanda za su kai wa ƙara in wani ya taɓa su. Mugaye su kan nemi yarinyar da su ke zato ba za ta iya faɗi ba.

Hanya: daga gida zuwa rijiya, da majami'a, da kasuwa, da asibiti. Makaho ya saba da sanda, maimakon a fid da ƙanensa daga makaranta ya zama ɗan jagora, a yi asarar yara biyu.

Kuɗi: ƙirga canji, raba uwar kuɗi da riba, yin adashi. Makaho zai gane naira 5 zuwa 50 da taɓawa domin na leda ne. Daga 100 zuwa 1,000 kuwa na takarda ne, sai ya riƙa naɗe kowane iri da irin naɗinsa.

Sana'a: ɗinki, saƙa, kiwon kaji ko awaki, lambu, gyaran waya, aikin kwamfuta, tireda. Masu sana'a na cikin ekklesiya su karɓi almajiri ɗaya ɗaya. Ran da ya gama, a haɗa masa kayan aiki, sa'an nan mu riƙa saye a wurinsa a kan kuɗin kasuwa. In ɗinkin ya karkace, a mayar masa ya gyara, gama wannan girmamawa ce.

Hanyar koyarwa kuwa hawa huɗu ce: ka yi yana lura, ku yi tare, ya yi kana tsaye, sa'an nan ka tafi ka bar shi. Hawa na huɗu ya fi wa iyaye wuya, amma in ba a taka shi ba, na ukun farko banza ne.

Na huɗu, a gyara gidan Allah. A yi gangare a bakin ƙofa domin keke, tsawon ƙafa 12 ga kowace ƙafa ɗaya ta tudu. A faɗaɗa ƙofar bayan gida. Matasa biyu su koyi maganar hannu domin kurame su ji wa'azi da idonsu. A ba su hidima: karatun Littafi, mawaƙa, ƙirga baiko, koyarwa a makarantar Lahadi. Bulus ya koya mana cewa gaɓoɓin jiki waɗanda a ke gani raunana, jiki ba ya iya rabuwa da su (1 Korintiyawa 12:22).

GA MASU CEWA "AMMA"

Wata uwa za ta ce, "Zai ji ciwo." Gaskiya ne, Mama, zai ƙone yatsa, zai ɓace hanya, za a cuce shi a canji. Sauran 'ya'yanki ma haka suka koya. Gara ya faɗi yau kina kusa ki tashe shi.

Dattawa za su ce, "Ba mu da kuɗi." Koya wa yarinya dafa tuwo ba ya cin ko kwabo. Ekklesiyar da ta iya sayen ganguna da lasifika za ta iya sayen keken ɗinki ɗaya a shekara.

Wani uba zai ce da hawaye, "Pasto, nawa ba zai taɓa iya sana'a ba." Na sani akwai irinsu, ba kuwa zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Amma in ya iya kai loma bakinsa, kada ka ba shi a baki. In ya iya zaɓa tsakanin riga biyu, bar shi ya zaɓa. Kayansa ke nan, ko da ƙarami ne, Allah kuwa ba ya auna mutum da abin da ya ke samu. Sauran nauyin namu ne mu duka. Tun kana da rai, ka zauna da dangi da dattawa a rubuta wanda zai riƙe shi, da abin da za a riƙe shi da shi. Tun ran gini ran zane.

ƘARSHEN MAGANA

Saurayin nan da na faɗa muku, matasa suka haɗa kuɗi aka samo masa keke. Wani ɗan'uwa mai gyaran waya ya karɓe shi. Ran da ya fara zuwa kasuwa shi kaɗai, ya komo bayan faɗuwar rana, an cuce shi naira 200, yana ta dariya. Yau yana ɗaura jarka a bayan kekensa ya ɗebo ruwansa, ya kan kuma ɗebo wa wata tsohuwa maƙwabciyarsa. Har yanzu da damuna, in laka ta kama keken, sai samari sun tura shi. Wannan nauyinmu ne, muna kuwa ɗauka da murna. Amma ran Lahadin godiya ta kaka, da hannunsa ya kawo baiko daga ribar aikinsa. Da ma uwarsa ta ga ran nan. Da mun fara da wuri, da ta gani.

Nauyi ɗaya ne kaɗai ba mai iya taya wani, watau nauyin zunubi. A gabansa dukanmu guragu ne, Yesu Kristi ne ya ɗauke shi a kan giciye. Amma da ya cece mu bai bar mu zaune a bakin ƙofa ba. Ya ba kowannenmu aiki a gonarsa, ya amince da mu duk da rauninmu. Yadda ya yi mana, haka za mu yi wa 'ya'yan nan.

Mai karatu, akwai wani saurayi ko wata budurwa da ta faɗo maka a rai tun da ka fara karatun nan. Kada Lahadi mai zuwa ta wuce ba ka je ka zauna ka tambaye shi abin da ya ke so ya zama ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka gafarta mana inda muka bar gwauraye da nauyi su kaɗai, da inda muka karya 'ya'yanmu da tausayi marar hikima. Ka ba iyaye ƙarfin zuciya su saki hannu a kan kari, ka ba matasan nan himma su ɗauki nasu kaya, ka ba ekklesiyarka ƙauna mai aiki. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.